Turaren da aka yaba da hunturu, aka tsokane shi da bazara

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Samaru. Yayana ya dawo daga Umra a watan Disamba, ya ba ni tsarabar wani turare na feshi, ruwansa kamar zuma. Ƙamshinsa kamar kirfa da kanumfari, da wani abu mai zaƙi-zaƙi. Duk tsawon sanyi, in na fesa sai an tambaye ni sunansa. Yanzu da zafi ya shigo, uwargida ta ce yana hawa mata kai, wani abokin aikina kuma ya ce ina ƙamshin shayin Buzaye. Ni kuwa wani lokaci ba na ma jinsa, sai na ƙara. Lalacewa ya yi, ko dama jabu ne? Kuma me ke cikin irin waɗannan turaruka da ke jan hankalin mutane haka? Kwalbar ta kai rabi, ina so in san ko in sake sayen irinsa."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya karɓi ibadar yayanka, ya kuma saka masa da alheri. Tambayarka uku ce a dunƙule: me ya sa irin wannan turare ke da farin jini, me ya same shi da zafi ya shigo, kuma ko ya cancanci ka sake fitar da kuɗinka a kansa. Bari in fara kwantar maka da hankali. A yadda ka siffanta shi, ina kyautata zaton turarenka lafiyarsa ƙalau. Garin ne ya canja, hannunka kuma ya yi nauyi ba tare da ka sani ba.

Na tashi a shagon turaren kawuna a kasuwar Sabon Gari, tun ina wanke kwalabe da auna tola, kuma har yau a cikin sana'ar nake. Duk shekara, daga tsakiyar Maris zuwa Mayu, sai an dawo mini da irin wannan ƙorafi. Mutumin da ya yi mini godiya a Janairu shi ne zai dawo a Afrilu yana harara, wai na canja masa kaya.

Me ake nufi da turare mai ɗumi

Turare ruwa ne, in ka taɓa shi ma sanyi za ka ji. To ina ɗumin yake? Wani ɓangarensa a jiki yake. Cikin hancinka, ban da jijiyar da ke jin ƙamshi, akwai wata da ke jin zafi da sanyi da raɗaɗi. Ita ce ke sa ka atishawa in ana dakan yaji a maƙwabta, ita ce ke sa ka ji sanyi in ka shaƙi na'ana'a ko man zafi. Man kirfa, da na kanumfari, da na citta da masoro, duk suna ɗan tsikarar wannan jijiya. Saboda haka in ka shaƙi turaren da ke ɗauke da su, ƙamshi kake ji tare da ɗan ɗumi-ɗumi na zahiri a can cikin hanci.

Ɗaya ɓangaren kuma a tarbiyyar hanci yake. Ka tuna inda Bahaushe ya fara haɗuwa da waɗannan kaya. A kunun kanwar mai jego, a kunun zaƙi, a yajin tsire da kilishi, a shayin da ake dafawa da asubar hunturu, a farfesun da ake yi wa mai mura. Kanumfari, citta, masoro, kimba, kusan duk inda suka bayyana akwai wuta, akwai abu mai tururi, akwai wanda ke kula da kai. Hanci ba ya mantuwa da wannan. Mutumin da ya shaƙi ƙamshin kirfa da kanumfari a jikinka da safiyar sanyi ba zai ce "wannan yana tuna mini da kakata" ba, amma zai ji ya sake da kai, zai matso. A ganina sirrin farin jinin ke nan. Turaren lemo da na ƙamshin ruwa suna nuna mutum ya yi wanka, yana da tsafta. Mai kayan yaji kuwa yana sa a ji kamar an shigo ɗakin da aka hura wuta.

Abokin aikinka da ya ce shayin Buzaye, tsokana yake yi, amma hancinsa bai yi ƙarya ba. Kayan iri ɗaya ne. Bambancin mai shayi da mai turare awo ne da kuma abin da aka ɗora kayan a kai.

Kowane ɗaya a cikinsu da halinsa. Kirfa, wadda mafi kyawunta daga Sirilanka take zuwa, ita ce mai zaƙi, mai fara'a, ita ke fara yi wa mutane sallama. Kanumfari, na Zanzibar da Madagaska da Indunisiya, shi ne dattijo mai kaushin murya. Kaɗan daga cikinsa yana ba turare kwarjini, in ya wuce kima sai ya koma warin ɗakin likitan haƙori, domin sinadarin da ke cikinsa, wanda ake kira yujinol, shi ne likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi, kuma shi ya sa iyayenmu ke cusa kanumfari a kogon haƙori mai ciwo. Gyaɗar ƙamshi a bushe take, tana da ɗan ƙamshin katako. Za'afaran, wanda mafi yawansa a Iran ake nomawa, yana karkata wajen ƙamshin fata da aka jeme, shi ya sa ba ya rabuwa da turarukan ud.

Akwai kuma waɗanda nake kira masu sanyin yaji, kuma ka riƙe su, za mu dawo kansu. Hel, wannan koriyar ƙwaya da Larabawa ke jefawa a gahawa, yaji ne amma da ɗan sanyi-sanyi a bakinsa. Haka ɗanyar citta, irin wadda ake nomawa a Kachiya da kewayenta a kudancin jiharmu ta Kaduna, tana da kaifi mai kama da lemo. Baƙin barkono na Indiya, ɗan'uwan masoronmu, shi ma ba shi da zaƙi ko kaɗan.

Abin da ke ƙarƙashin yajin

Kayan yaji su kaɗai ba sa daɗewa. Dole a kafa su a kan wani abu mai nauyi, kamar yadda ba a shan miya ba tuwo. Wannan zaƙi-zaƙin da ka ambata, shi ne tuwon. Yawanci vanila ce, da wata ƙwaya ta Kudancin Amurka mai suna tonka, da ƙaro iri-iri dangin lubban da jawul, da sandal, wani lokaci da ƙamshin busasshen ganyen taba ko na fata. In ka ga an rubuta amba a jikin kwali, galibi ba ambar teku ake nufi ba, wanda ke fitowa daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kifi. Haɗi ne na vanila da ƙaro, wanda masu turare suka raɗa wa sunan.

Wannan gini ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk matar da ke haɗa turaren wuta ta san shi: itace mai ƙamshi, kajiji, farce, sukari da aka narka, mai da aka zuba a kai. Humrar da matanmu suka karɓo ta hanyar Barno da Sudan ma haka take, kanumfari da sandal da almiski a jiƙe. Bint el Sudan, wanda wani kamfanin Ingila mai suna W. J. Bush ya fara yi a 1920, kuma aka daɗe ana ɗura shi a Kano, ya shiga gidajenmu ne domin ya zo da ƙamshin da hancinmu ya riga ya sani. Turawa su ma sun daɗe da gano daɗin abin. Old Spice na maza ya fito a Amurka a 1938 da kanumfari da kirfa a cikinsa, tsofaffin ma'aikatan reluwe da malaman jami'a na da sun san shi sarai. Turawan sun daɗe suna kiran wannan dangi na turare "na gabas", sai a 'yan shekarun nan da yawansu suka koma kiransa dangin amba. Ni dai abin yakan ba ni dariya in yaro ya zo yana yi mini bayanin turaren Turai mai suna Spicebomb kamar wani sabon wahayi, alhali kakarsa na da kusan rabin abin da ke cikinsa a ƙullin zaninta.

Sai dai akwai wani abu a turarukan zamani da babu a na kakanni, kuma ina zargin da hannunsa a ciwon kan uwargida. Masu haɗa turare yanzu, na Faransa da na Dubai duka, suna zuba wasu sinadarai na masana'anta masu ƙamshin busasshen katako, irin su amburoksan da 'yan'uwansa da suka fi shi kaifi. Aikinsu su sa turare ya tashi, ya cika wuri, ya kwana a riga. Mutane na son a ce turarensu ya yi kwana biyu, kamfanoni kuma sun ji. Da sanyi waɗannan sinadarai ado ne. Da zafi, ga wasu mutane, kamar an soka allura ne a tsakanin gira. Kuma abin takaici, su ne hancin mai turaren ke saurin daina ji.

Abin da zafi ya yi masa

Ƙamshi ba komai ba ne illa turaren da ya tashi daga fatarka ya shiga iska. Sanyi na rage masa gudu, zafi na ƙara masa. Da asubar Janairu a Zariya, lokacin da ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, kana cikin rigar sanyi, ƙura ta rufe Dutsen Kufena, turarenka yana fita ne a hankali, daki-daki. Ƙamshin lemon da akan sa a saman irin wannan turare ya fara magana, ya ba yaji wuri, yaji ya yi awanninsa, sannan vanila da katako su rufe taro wajen la'asar. Iskar hunturu kuma busasshiya ce, ba ta da wani wari nata sai ƙura da hayaƙin itace, saboda haka ƙamshi mai zaƙi yana samun fili.

A Afrilu kuwa, rana na doshin digiri 40, fatarka da zafi, ga zufa. Duk abin da ya kamata ya fito cikin awa shida sai ya yunƙuro a lokaci guda. Lemon ya ƙone cikin 'yan mintoci, kirfa da kanumfari da vanila su fito suna rige-rige, kamar 'yan makaranta an kaɗa ƙararrawar tashi. Zaƙin da ya yi daɗi da sanyi yanzu ya zama ginsa. Ka gwada shan kunun gyaɗa mai zafi da madara da azahar ɗin bazara, za ka gane abin da hancin uwargida ke fama da shi. Kunun bai lalace ba.

Ga kuma zufa. Ita kanta ba ta da wari sosai lokacin da ta fito, ƙwayoyin halitta da ke zaune a fata ne ke juya ta ta yi tsami. Wasu kayan yajin suna da kusanci da wannan tsami. Kammun, wanda Larabawa da Indiyawa ke zubawa a abinci, shi ne kan gaba, har masu turare na sa shi da gangan don ya ba da ƙamshin jikin mutum. Déclaration na kamfanin Cartier, wanda ya fito a 1998, ya yi suna da wannan. Kyakkyawan turare ne, amma ba zan ba mai hawa acaɓa daga Samaru zuwa Kwangila da tsakar rana shawarar sa shi ba.

Yanzu ga inda laifinka yake, Malam, in laifi ne. Ka ce wani lokaci ba ka jinsa sai ka ƙara. Hanci yana da wata ɗabi'a: duk ƙamshin da ya zauna masa ba ya motsi, sai ya share shi, domin ya sami damar jin sabon abu. Shi ya sa mai sayar da daddawa ba ya jin warinta, shi ya sa ni ma ba na jin ƙamshin shagona sai na yi tafiyar kwana biyu na dawo. Wata huɗu ke nan kana fesa abu ɗaya kullum a wuyanka, ɗan taƙi kaɗan daga hancinka. Hancin ya ƙoshi. Kai kana ganin turare ya mutu, ka ƙara feshi biyu, alhali na farkon yana nan daram. Ga zafi ya ninka ƙarfinsa, ga hannunka ya ninka yawansa. Kwalbar da ta kai rabi cikin wata huɗu ita ma shaida ce. In mai mililita 100 ce, ka sha 50 ke nan, kuma feshi ɗaya bai fi kashi ɗaya cikin goma na mililita ba. Yi lissafin da kanka, kai ne malamin makaranta: ya kama wajen feshi huɗu a kowace rana ta Allah. Da hunturu feshi huɗu ba laifi. Yanzu ya yi yawa ƙwarai.

Ko ya lalace, ko jabu ne

Ban riƙe kwalbar a hannuna ba, don haka ba zan rantse ba. Amma jabu ba ya jira sai bazara kafin ya tona kansa. Halinsa shi ne ya buɗe da warin sinadari mai hawa ido, ya yi ƙamshi na ɗan lokaci, kafin awa ɗaya ya ɓace. Turaren da ya kai ka yini a Disamba har ana tambayar sunansa, da wuya ya zama jabu. In kwalin na nan, duba lambar da aka buga a ƙasansa, ka gwada da wadda ke gindin kwalba, ya kamata su zo ɗaya. Duba rubutu ko akwai kuskuren harafi, duba ko murfi na zama daidai.

Lalacewa kuwa tana yiwuwa, kuma a nan garin abu uku ke kawo ta: rana, zafi, da iska. Wanda ke ajiye turare a aljihun mota, ko a kan taga, ko kan talabijin, shi ya kashe abinsa da kansa. Gwajin mai sauƙi ne. Fesa a farar takarda da sassafe, ka bar ta minti goma, ka shaƙa. In ka ji tsami kamar na ruwan kal, ko wari irin na man goge farce da ya ƙi tafiya, ya fara juyawa. In ƙamshin da ka sani ne, lafiya lau. Kada launi ya ruɗe ka. Turare mai vanila yakan ƙara duhu da kansa in ya kwana biyu, daga ruwan zuma ya koma kamar shayi ba madara, kuma wannan ba aibi ba ne. Turarukan wannan dangi ma sun fi na lemo jure ajiya nesa ba kusa ba. Mayar da shi kwalinsa, ka sa a ƙasan durowar kaya, a ɗakin da rana ba ta duka da yamma.

In ni ne kai

Abu na farko, zan ajiye shi mako biyu cur, hanci ya huta. Ranar da ka dawo masa za ka sha mamakin ƙarfinsa.

Daga nan kana da zaɓi. Mafi sauƙi shi ne ka mayar da shi turaren lokaci. Ka bar shi sai ruwa ya sauka, dararen Yuli da Agusta na da sanyin da zai karɓe shi, sannan daga Nuwamba ya koma bakin aikinsa na kullum. Ba wanda ke sa rigar sanyi a Afrilu don kawai an yaba ta a Janairu. In kuwa ranka ba zai iya rabuwa da shi ba, to feshi ɗaya tak, a ƙirji, ƙarƙashin singileti, rabin awa kafin ka fita, kuma bayan magariba ya fi. Tufafi za su tace shi, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan in ka motsa. Ban da wuya, ban da bayan kunne, ban da hula. Ban kuma da aji. Ɗaki cike da ɗalibai, ba wuta, fanka a tsaye, wannan ba wurin kirfa ba ne, kuma cikin yaran ba a rasa mai asma. Haka masallacin Juma'a da zafi: sunna ce a sa turare, kuma ya zo a hadisi cewa turaren maza shi ne wanda ƙamshinsa ya bayyana launinsa ya ɓoyu, amma na gefenka a sahu ba shi da inda zai gudu, a ji tausayinsa.

Wata hanyar ita ce ka koma na mai, wato na tola. Mai ba ya tashi da gudu kamar na feshi, yana lafewa a fata, sai wanda ya matso zai ji. A wurina nan ne ma wannan dangi ya fi kyau, domin ƙamshin ɗumi na kusa ne, na gaisawa da musabaha, ba na sanar da unguwa cewa ka fito ba. Ɗigo ɗaya a bayan hannu, ka murza a gemu da ƙirji, ya wadatar. Kula da farar shadda kawai. Mai yana barin tabo, mai duhu irin na ud da za'afaran ya fi muni, kuma na ga babbar riga mai aska tara, aikin hannu na cikin birni da aka yi watanni ana yi, ta tafi a banza ranar hawan Daushe saboda ɗigo biyu a gaban wuya. In za ka sa wa babbar riga ƙamshi, turara ta da turaren wuta tun dare, ko ka shafa man a 'yar ciki.

In kuma kana son yaji duk shekara, ka nemi masu sanyin yajin nan da na ce ka riƙe: hel, citta, baƙin barkono, a kan katako ko jema maimakon vanila. Jema dai ita ce saiwar ciyawar nan ta fadama, Turawa suna ji da 'yar'uwarta ta Haiti da Indiya. Terre d'Hermès na 2006 misali ne mai kyau, lemo da barkono da jema, ba zaƙi, yana jure rana. La Nuit de l'Homme na Yves Saint Laurent, na 2009, hel ne zalla a bakinsa, mai laushi, aibinsa kawai ba ya daɗewa. The One na maza, na Dolce & Gabbana, yana tsakiya, citta da hel da ganyen taba, ya dace da yamma. Su kuwa 1 Million na Paco Rabanne, mai kwalba kamar sandar zinariya, da Spicebomb na Viktor & Rolf da ya fito a 2012, da Khamrah na Lattafa mai kirfa da dabino wanda ya cika gari a 'yan shekarun nan, duk 'yan hunturu ne. Na ambaci sunayen don ka san abin da za ka shaƙa ka gwada, ba don lallai ka saya ba. Na asalin Turai sun yi tsada yanzu, albashin malami ba zai ji daɗinsu ba, kuma kamfanonin Daular Larabawa suna yin masu kama da su a kan kuɗi kaɗan. Na ɗuri ma akwai mai kyau, in mai shagon na da amana bai tsinka shi da yawa ba.

Duk wanda za ka saya, kada ka yanke hukunci a cikin shago. Hancinka a can ya riga ya bugu. A sa maka a hannu, ka fita, ka yi cefanenka, ka hau mota ka koma Samaru, ka sake shaƙa bayan awa uku. Abin da ka ji a lokacin, shi za ka zauna da shi. Kuma ka gwada a irin yanayin da za ka riƙa sawa. Rubutun Eau de Parfum a kwalba yana nufin man turaren ya fi yawa a kan na Eau de Toilette, yawanci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, amma ƙarfi ba shi ne kyau ba, da bazara ma mai sauƙin ya fi.

Wani gargaɗi daga abin da ya faru da ni. Ina saurayi, kawu ya yi tafiya ya bar mini shago, wani ango ya zo yana son haɗi na musamman. Na ga dama ta samu in nuna gwaninta. Na zuba man kanumfari da na kirfa da hannu sake, ban tsinka su yadda ya kamata ba. Ranar ɗaurin aure wuyan bawan Allah ya yi ja ya tashi kamar an watsa masa ruwan zafi, abokansa kuma suka yini suna tambayarsa ko haƙori ke damunsa. Da kawu ya dawo bai daka mini tsawa ba, ya sa na mayar da kuɗin daga aljihuna, ya kuma hana ni taɓa ma'auni wata uku. Man kirfa da na kanumfari suna cikin abubuwan da suka fi tayar da fata, shi ya sa ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, ta ƙayyade yawan da za a zuba, kuma shi ya sa za ka ga an jera sunayen sinadaransu a bayan kwalin turaren kirki. Zafi da zufa na ƙara wannan haɗari. In ka ga wurin da kake fesawa yana ƙaiƙayi ko ya yi ja, ka daina sawa a fata, in bai lafa ba ka ga likitan fata. Kada kuma ka bari wani ya sayar maka da tsantsar man kirfa ya ce ka shafa kai tsaye.

Akwai abu biyu da ba fagena ba ne. Batun alkohol ɗin da ke cikin turaren feshi da hukuncin salla da shi, malamai sun yi magana kuma sun saɓa, ka tambayi malamin da ka natsu da shi, ni mai awo ne. Ciwon kan uwargida ma haka. In turaren nan kaɗai ke tayar mata da shi, rage shi zai wadatar. In kuwa kwanan nan ƙamshin girki da sabulu da man shafawa duk sun fara damunta, to wannan ba maganar mai turare ba ce, ku leƙa asibiti, wataƙila ma albishir ne.

Kan ko ka sake sayen irinsa, amsata e, amma ba yanzu ba. Rabin kwalbar da ke hannunka, in ka ajiye ta inda na ce, za ta kai ka wani hunturun har ta yi saura. Kuɗin da ka ware, ka sayi ƙaramar tola ta mai hel ko citta ka ƙarasa zafin nan da ita. Ranar da za ka je saye, ka sa a yi maka gwaji biyu, ɗaya a kowane hannu, ka koma gida ka miƙa wa uwargida hannuwan ba tare da ka faɗa mata sunan ko ɗaya ba. Wanda ta zaɓa, shi za ka koma ka biya.